Sakarin da danginsa: daga ina suka fito, kuma suna cutarwa?

"Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Anguwar Rogo a nan Jos, ina yin zoɓo da kunun aya da lamurje ina kaiwa ƙofar makaranta da wasu shaguna. Tun da suga ya yi tsada riba ta zama babu, sai wata maƙwabciyata ta nuna min wani farin gari da ake ƙullawa a leda a kasuwa, ta ce ɗan kaɗan ya ishi bokiti guda. Na fara sawa. Kuma mahaifiyarmu tana da ciwon suga, yayana ya sayo mata wasu 'yan ƙwayoyi da take jefawa a shayi. To jiya aka turo min saƙo a WhatsApp wai duk waɗannan abubuwa daga man fetur ake yin su, kuma wai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna jawo cutar kansa. Hankalina ya tashi ƙwarai. Don Allah mene ne asalinsu, kuma in daina ne ko in ci gaba? Na gode, Allah ya ƙara basira."

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sa wa sana'a albarka, ya ba Mama lafiya.

Tambaya uku kika haɗa: daga ina waɗannan kayan zaƙi suka fito, da gaske ne suna jawo ciwon daji, sannan yaya za ki yi da zoɓonki, Mama kuma ta yi da shayinta. Aikina tsara abinci ne ga masu ciwon suga da hawan jini a wani asibiti a nan Jos, kuma da wuya ranar ganin masu suga ta wuce ba a yi min irin wannan tambaya ba. Bari in ba ki hukuncina tun daga farko, dalilai su biyo baya. Ƙwayoyin da Mama take jefawa a shayi, in dai akwai suna da lambar NAFDAC a jikin kwalinsu, ba su tayar min da hankali ba. Garin ledar da kike zubawa a bokitin da yara za su sha shi ne ya dame ni, kuma dalilin da ya sa ya dame ni saƙon WhatsApp ɗin nan bai ko taɓo shi ba.

Asalinsu

Dangi ne babba, kowanne da inda ya fito da yadda jiki yake yi da shi, don haka duk wanda ya yi musu kuɗin goro, ko yabo ko suka, ya yi kuskure. Abin da ya haɗa su shi ne harshe. A kan harshenmu akwai ƙananan wuraren da ke gane zaƙi, kamar kwaɗo da mabuɗi: suga ne mabuɗin asali, amma akwai sinadaran da su ma suke shiga su buɗe, har su fi suga kama wurin. Shi ya sa ɗan ƙuri yake yin aikin kofi guda, kuma da yake abin da aka sha kaɗan ne, ba ya ba jiki wani ƙarfi balle ya ɗaga sugan jini.

Kakansu shi ne sakarin. A 1879 aka sanar da gano shi a Jami'ar Johns Hopkins da ke birnin Baltimore a Amurka. Wani masanin sinadarai mai suna Constantin Fahlberg yana aiki a ɗakin binciken Farfesa Ira Remsen a kan sinadaran da ake tatsowa daga kwaltar kwal. Ya koma gida bai wanke hannu sosai ba, ya ɗauki burodi, sai ya ji zaƙi ya cika masa baki. Ya koma ya bi kwalaben aikinsa har ya gano wadda abin ya fito. Daga baya ya yi wa abin rajista da sunansa shi kaɗai, ya kafa masana'anta a Jamus, ya yi arziki, wanda hakan ya ɓata tsakaninsa da Remsen. Sakarin ya fi suga zaƙi kamar sau 300 zuwa 400. Bai bazu sosai ba sai lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da suga ya yi ƙamfa a Turai da Amurka. Kin ga ke nan tun fil azal tsadar suga ce take tallata shi, ba ke kika fara ba.

Sauran ma kusan labarinsu ɗaya. Saikilamet, a 1937, wani ɗalibi ne mai suna Michael Sveda a Jami'ar Illinois ya ajiye sigarinsa a kan teburin gwaji, da ya mayar baki ya ji zaƙi. Asfatam, a 1965, James Schlatter na kamfanin Searle yana neman maganin gyambon ciki, ya lashi yatsa don ya ɗaga takarda. Asesulfam, a 1967, Karl Clauss na kamfanin Hoechst a Jamus, shi ma lasar yatsa ce. Sukuralos kuma a 1976 aka same shi a Landan, a aikin haɗin gwiwa tsakanin kamfanin suga na Tate & Lyle da Kwalejin Sarauniya Elizabeth. Ɗalibin da ya lashi yatsa a ɗakin gwaji a yau, kora ce sakamakonsa.

To maganar man fetur fa? Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ga sakarin da wasu kaɗan. Ana haɗa sakarin daga sinadaran da tushensu kwal ne ko ɗanyen mai. Sai dai haka ake haɗa farasitamol da asfirin, kuma ba wanda ya ce wanda ya sha farasitamol ya sha fetur. In an canja ginin sinadari ya zama wani abu daban, da hali daban. Asfatam kuwa daga tubalan furotin guda biyu ake gina shi, irin waɗanda ke cikin nama da wake da madara. Sukuralos daga sugan rake ake yin sa, a cire wasu sassa uku a maye gurbinsu da kulorin, sai jiki ya kasa narkar da shi, yawancinsa ya fita a bayan gida yadda ya shiga. Ya fi suga zaƙi kamar sau 600.

Akwai kuma waɗanda daga tsiro ake tatsar su. Sitibiya ganye ne daga Faraguwai a Kudancin Amurka, mutanen Guarani sun daɗe suna zaƙaƙa abin shansu da shi kafin Japan ta fara sayar da shi a kasuwa a shekarun 1970. Wanda yake ba ni sha'awa shi ne namu na gida. Faffaɗan ganyen nan da ake kawowa daga Kudu ana naɗe alala da shi, tsironsa yana yin wani jan ɗa a gindi, kuma a cikinsa akwai furotin da ake kira taumatin, wanda ya fi suga zaƙi kusan sau 2,000. Kamfanonin Turai suna sayensa daga Afirka ta Yamma su sa a cingam da magunguna, mu kuma mu ci alalar mu yar da ganyen. Amma kar ki ɗauka fitowa daga tsiro shaidar lafiya ce. Zaƙami ma tsiro ne.

Inda maganar ciwon daji ta samo asali

Tsoron ya girme mu duka. Tun farkon ƙarni na 20 babban masanin sinadarai na gwamnatin Amurka, Harvey Wiley, ya so a hana sakarin, shugaban ƙasa Theodore Roosevelt, wanda likitansa ya ɗora shi a kan sakarin ɗin, ya ce duk mai cewa yana cutarwa wawa ne. A lokacin babu wani bincike na kirki a hannun kowannensu.

Binciken ya zo a ƙarshen shekarun 1960 da cikin 1970. Aka ɗura wa ɓeraye sakarin da saikilamet masu yawan gaske, wasu suka kamu da ciwon dajin mafitsara. Amurka ta hana saikilamet a 1969 zuwa 1970, kuma har yau ba ta ɗage ba, ko da yake Tarayyar Turai da ƙasashe masu yawa sun halatta shi da iyaka. A 1977 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta nemi hana sakarin ma, jama'a, musamman masu ciwon suga, suka yi ca, majalisa ta ce a bar shi amma a riƙa manna gargaɗi a jikin kaya. Aka shafe shekara 23 ana manna wannan gargaɗi. A tsakanin nan masana suka gano yadda abin yake faruwa: fitsarin ɓera, musamman namiji, yana da furotin da ma'adinai masu yawa, sai su haɗu da sakarin su zama 'yan tsakuwoyi masu goge bangon mafitsara har ciwo ya tsiro. Fitsarin ɗan Adam ba haka yake ba, kuma binciken da aka yi a kan mutane bai nuna wannan alaƙa ba. A 1999 cibiyar binciken ciwon daji ta duniya ta sauke sakarin daga rukunin abubuwan da ake zargi, a 2000 kuma Amurka ta cire gargaɗin.

Saƙon da aka turo miki kuwa, daga labarin watan Yulin 2023 aka yanko shi, kuma a kan asfatam kaɗai ne. Wannan cibiya, wato IARC, wadda ke birnin Lyon a Faransa ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa asfatam a rukunin da take kira 2B. Rukunan nata ba nauyin haɗari suke aunawa ba, ƙarfin hujja suke aunawa. Rukuni na 1 shi ne wanda hujja ta tabbata, irin taba da giya. Rukunin 2A shi ne wanda ake kyautata zaton yana jawowa, kuma a nan jan nama yake, naman sa da na rago da na akuya. Rukunin 2B shi ne wanda aka ga alama amma hujjar ba ta da ƙarfi, kuma a asfatam alamar ta fito ne daga wasu bincike uku da suka shafi ciwon dajin hanta. Wato tsiren da muke ci da daddare a Terminus yana matakin da ke sama da na asfatam, amma ban ga an turo saƙon a daina cin tsire ba.

A rana ɗaya da wannan sanarwa, wani kwamitin masana na Hukumar Lafiyar da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ake kira JECFA, ya ce ya sake duba hujjojin bai ga dalilin canja ma'aunin da ya daɗe da sawa ba: miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin mutum a kullum. Suka ba da misali da mai nauyin kilo 70, cewa sai ya sha fiye da gwangwani 9 zuwa 14 na lemon da ba suga a kowace rana kafin ya haura. Wannan rabin labarin ne masu tura saƙo suka bari a hanya.

Za ki kuma ji ana cewa asfatam yana rikiɗewa ya zama guba a ciki. Gaskiya ne idan ya narke kusan kashi 10 cikin 100 nasa yana zama metanol, wani sinadari mai guba in ya yi yawa. Amma kofin ruwan tumatir, irin wanda ake jibgewa a Farin Gada, ya fi gwangwanin lemon ba da metanol, kuma hanta ta saba sarrafa irin wannan ɗan kaɗan. Waɗanda asfatam yake cutarwa tabbas su ne masu wata lalurar gado da ake kira PKU, jikinsu ba ya iya sarrafa ɗaya daga tubalan furotin ɗin nan, sai ya taru ya taɓa ƙwaƙwalwa. Saboda su ne ake rubuta gargaɗin phenylalanine, wato sunan wannan tubali, a jikin kwalba. Lalurar ba ta da yawa, ta fi ƙaranci ma a cikin baƙar fata.

Abin da masana ke ja a kansa yanzu

Muhawarar ta bar kan ciwon daji sosai, ta koma kan ƙiba da zuciya da hanji. A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da waɗannan kayan zaƙi don rage ƙiba. Gwaje-gwajen gajeren lokaci sun nuna ana ɗan ragewa, ƙasa da kilo ɗaya, amma binciken da ya bi mutane shekaru ya ga masu yawan shan su sun fi kamuwa da ciwon suga da ciwon zuciya. Wani babban bincike a Faransa, mai suna NutriNet-Santé, da ya bi manya fiye da 100,000, ya ba da rahoto a 2022 cewa masu yawan sha sun fi marasa sha kamuwa da ciwon daji da kashi 13 cikin 100. Matsalar irin wannan bincike ita ce, wa yake komawa lemon da ba suga? Galibi wanda ya riga ya yi ƙiba ne, ko likita ya gargaɗe shi, ko ciwon yana gidansu. Sai ya yi wuya a rarrabe ko abin sha ne ya kawo ciwon, ko tsoron ciwon ne ya kawo abin sha. Hukumar da kanta ta ce shawarar mai sharaɗi ce, kuma ta faɗa ƙarara cewa ba ta shafi waɗanda suka riga suka kamu da ciwon suga ba. Wato ba ta shafi Mama ba.

Akwai kuma aikin Cibiyar Weizmann ta Isra'ila, a kan ɓeraye a 2014, sannan a kan mutum 120 a 2022, wanda ya nuna sakarin da sukuralos suna canja ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanji, har su taɓa yadda jikin wasu yake sarrafa suga. Na mako biyu ne aka ba su, kuma ba kowa abin ya taɓa daidai ba. Ni dai ina ɗaukar wannan da muhimmanci, shi ya sa ba na ce wa kowa ya sha son ransa tunda ba suga.

Garin leda

Yanzu ga abin da ya dame ni. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai yana da ma'auninsa na kullum. Yadda ake fitar da shi, a nemo mafi yawan abin da aka ba dabba tsawon rayuwarta bai yi mata komai ba, sai a raba gida 100, a ce ga na ɗan Adam. A lissafin JECFA, ga kowane kilo na nauyin jiki, sakarin miligiram 5 ne, saikilamet 11, sukuralos 15, asfatam 40. Tunda da nauyin jiki ake aunawa, yaro ne yake saurin cika nasa.

Wata baiwar Allah mai sana'a irin taki ta taɓa kwance bakin zaninta a ofishina ta fito da ƙullin. Farin gari ne mai ƙyalli, kamar gishirin da aka ɗan daka, an ƙulle a farar leda, babu suna, babu lamba, babu ranar lalacewa. Na dangwala a harshe: zaƙi ya fara bugowa, sannan wani ɗaci-ɗaci mai kama da an lashi ƙarfe ya zauna a maƙogwaro ya ƙi tafiya. Wannan ɗanɗano halin sakarin ne. Amma harshe ba ya iya faɗin ko zallansa ne, ko an gauraya shi da saikilamet don a ɓoye ɗacin kamar yadda aka saba yi, ko an ƙara masa wani abu don ya yi auki. Na tambaye ta yadda take aunawa, ta ce da bakin cokali, in ta ɗanɗana bai ji ba ta ƙara.

Mu yi lissafi. A ɗauka zoɓonki ya kai lemon kwalba zaƙi, wato kamar giram 50 na suga a gorar rabin lita. In sakarin ne kaɗai ya ba da wannan zaƙi, ana buƙatar kusan miligiram 170 a gora ɗaya. Yaron firamare mai nauyin kilo 20, ma'auninsa na rana miligiram 100 ne. Gora ɗaya ta wuce da shi, kuma akwai yaron da yake shan ta tara da ta tashi, ya dawo gida ya sha askirim ɗin leda da aka yi da garin nan dai. In kuwa saikilamet ne, wanda zaƙinsa bai wuce ninki 30 zuwa 50 na suga ba, gorar za ta ci sama da miligiram 1,000, alhali na yaron 220 ne. A Tarayyar Turai kamfani ba ya da izinin sa fiye da miligiram 80 na sakarin a litar lemo, shi ya sa suke haɗa iri biyu ko uku kaɗan-kaɗan, don kada ɗaya ya yi yawa. A can kuma an hana sa waɗannan sinadarai a abincin jarirai da ƙananan yara kwata-kwata.

Ba ina cewa yaron da ya sha gora ɗaya zai faɗi ba ne. Ma'aunin yana da rata mai faɗi, kuma wuce shi na rana ɗaya ba komai ba ne. Amma ɗan makaranta kullum yake saye, zango bayan zango, kuma ba a yi wannan rata don a riƙa cinye ta kullum ba. Ke ba ki san abin da ke ledar ba, mai sayar miki ma da wuya ya sani, uwar yaron kuwa ta ɗauka suga ɗanta yake sha.

Ba ku kaɗai ba ne. A 2024 NAFDAC ta yi magana a kan gidajen burodin da ke sa sakarin saboda tsadar suga, ta tunatar cewa ƙa'idar Najeriya ba ta halatta shi a burodi ba.

Sana'arki

Na san ba za ki iya komawa zallan suga ki sayar a tsohon farashi ba, kuma ba zan yi miki wa'azin da ba zai biya kuɗin makarantar yara ba. Amma garin da ba suna, ki daina shi daga yau.

Hanya mafi sauƙi ita ce ki rage zaƙin gaba ɗaya a hankali, mako bayan mako, ki ƙara wa zoɓon ƙamshi: ɓawon abarba da aka wanke aka tafasa tare, citta, kanumfari, kokwamba, na'ana'a. Yawancin sugan da ake zubawa a zoɓo yaƙi yake yi da tsami, don haka in ba ki bar shi ya daɗe a wuta ya yi tsami sosai ba, bukatar sugan tana raguwa. Kunun aya kuma dabino da kwakwa suna ɗauke rabin aikin. Ƙaramar gora mai kyau ta fi babbar da ke barin ɗaci a wuya, kuma masu saye suna ganewa, ko ba su faɗa miki ba.

In kuma lissafi bai fita ba sai da ƙari, ki je wurin masu sayar da kayan haɗa kek da burodi ki nemi wanda ke cikin kwalinsa ko robarsa ta asali, mai suna da lambar NAFDAC. Ki karanta: saccharin ko E954, cyclamate ko E952, aspartame ko E951, acesulfame ko E950, sucralose ko E955, stevia ko E960. Ni sukuralos ko sitibiya nake fifitawa ga abin sha mai sanyi. Ki yi rabi da rabi. Misali jarkar lita 20 da a da take cin kilo 2 na suga, ki sa kilo 1, sauran ki cike da abin da bai kai giram 2 ba na zallan sukuralos. Kowace gora za ta tashi da miligiram 40 da 'yan kai, yaron nan mai kilo 20 kuwa nasa 300 ne. Wannan lissafin na zallansa ne. In an gauraya shi da wani gari don ya yi auki, ki bi abin da aka rubuta a jiki. Giram 2 ba ya aunuwa da cokali, sai ƙaramin sikelin nan mai batir irin na masu sayar da duwatsu masu daraja da maƙeran zinariya, kuma ba shi da tsada. Ki zuba bayan zoɓon ya huce. Asfatam zaƙinsa yana mutuwa a wuta, sukuralos ma hukumar tantance haɗari ta Jamus ta ba da shawara a 2019 a guji gasa shi ko soya shi da zafin da ya wuce digiri 120, don haka kar ya shiga cincin ko kek.

Sannan ki faɗa wa masu saye. Akwai mai ciki, akwai mai ba ɗan goyonta, akwai wanda kansa ke ciwo in ya sha. Ɓoyewa algus ne, kin kuma san matsayin algus a addini. Za ki yi mamakin yadda masu ciwon suga za su riƙa neman wanda ba suga in sun san kina yi da tsabta da ma'auni.

Mama

Ƙwaya ɗaya ko biyu a kofin shayi, sau biyu ko uku a rana, ba ta kusa da ma'aunin babban mutum. A sanyin Jos ba a raba dattijuwa da shayinta, kuma cokali uku na suga a kowane kofi cutarsa ga mai ciwon suga tabbatacciya ce, ga ido da ƙoda da ƙafa. Tsakanin wannan da ƙwayar, ƙwayar na zaɓa mata. Abin da ya fi duka shi ne harshenta ya saba da ƙarancin zaƙi, kuma na ga dattawa da yawa da bayan 'yan makonni suka koma shan shayi da citta da kanumfari kawai, har in an sa musu suga su ce ya yi yawa.

Ki duba mata abu uku. Na farko, kar a musanya mata suga da zuma ko mazarƙwaila ko dabino da sunan na gargajiya ne, duk suna ɗaga sugan jini. Haka kunun zaƙi da koko da fura, ko ba a sa musu komai ba hatsin da kansa suga yake zama a jiki, ƙwayar ba ta canja wannan. Na biyu, biskit da alawar da aka rubuta ba suga galibi akwai fulawa da mai a ciki, kuma da yawa ana zaƙaƙa su da sobitol ko zailitol, masu kumbura ciki su sa gudawa in an ci da yawa. Ɗan'uwansu eritiritol kuma wani bincike na asibitin Cleveland a Amurka ya danganta yawansa a jini da daskarewar jini a 2023, don haka mai ciwon zuciya ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki ya yi kaffa-kaffa da shi.

Na uku shi ne wanda ya fi gaggawa. In Mama tana allurar insulin ko tana shan irin su glibenclamide, suganta yana iya faɗuwa ƙasa, musamman in ta sha magani ba ta ci abinci ba ko tana azumi. Alamarsa gumi, rawar jiki, yunwa mai tsanani, bugun zuciya, ruɗewa. A wannan lokaci ƙwayar nan da lemon da ba suga ba su da amfanin komai. Suga na gaske ake ba ta, cokalin shayi uku zuwa huɗu a ruwa, ko rabin kofin lemo na yau da kullum, a sake aunawa bayan minti 15. In ba ta cikin hayyacinta kar a ɗura mata komai a baki, a wuce asibiti. Na ga gidajen da suka kwashe suga kaf saboda kulawa, ranar da aka buƙace shi sai da aka buga ƙofar maƙwabta. Ki ajiye mata ƙulli ɗaya kusa da gadonta, kowa a gidan ya san inda yake.

Ban ga Mama ba, ban san magungunanta da lafiyar ƙodarta ba, don haka ranar da za ta koma ganin likita ku tafi da kwalin ƙwayoyin da duk magungunan da take sha, a duba su tare.